Sifirin Motar Marasa Lafiya

Dagacin Kukar Maƙera da kansa ya kawo ƙara ofishin 'yan sanda na Baure ranar Laraba da hantsi. Wanda ake ƙarar ma dagacin ne ya goyo shi a bayan mashin, wani dattijo siriri, leɓensa a fashe, rigarsa a yage daga wuya har ƙirji.

"Yallaɓai, ku riƙe min shi a nan," in ji dagacin. "In ya ƙara wuni a garina, gawarsa zan kawo muku."

Sufeto Dabo ya ture kofin shayinsa gefe. Mutum ne mai nauyin ido, in ka gan shi sai ka rantse gyangyaɗi yake yi. Ɓarayi da yawa sun yi wannan rantsuwar, sun kuma kwana a bayan kanta.

"Me ya yi?"

"Sun ce ya sace ƙarfen motar gari. Kuma mace ta mutu."

Dagacin ya zauna ya warware zancen. 'Yan garin da ke fita ci-rani ne suka haɗa hannu suka sayi ƙaramar bas don kai marasa lafiya asibiti, aka damƙa ta a hannun wannan dattijon, Malam Audi, tsohon direba. Jiya naƙuda ta yi wa wata mata mai suna Ikilima tsanani, aka ɗauke ta za a kai Daura. Ba su kai ga kwalta ba bayan motar ya zauna a ƙasa. Kafin mijinta ya samo wata motar daga Zango, ta cika, ita da abin da ke cikinta. Da aka dawo daga maƙabarta sai wani ya leƙa ƙarƙashin bas ɗin ya ce an zare mata sifirin.

"Yanzu me mutanen gari suke so?"

"Kotun Shari'a, Yallaɓai. Sun ce hannunsa suke so."

A 'yan shekarun nan da aka ƙaddamar da Shari'a, duk hirar sata a wuyan hannu take ƙarewa. Sufeto bai taɓa ganin an yi hakan a inda ya yi aiki ba, amma ya lura da yadda dattijon ya cusa hannunsa na dama cikin yagaggiyar rigar ya rungume shi.

Da Sufeto da Saje Lawal suka isa wurin, bas ɗin tana nan inda ta mutu, a gangaren wata kwalbati tsakanin gonakin gero. Bayanta ya karkace hagu, tayar baya ta shige cikin bodi ta cije.

Sufeto Dabo ɗan direban babbar mota ne, a tasha ya girma. Ya cire hula ya miƙa wa Saje Lawal, ya shimfiɗa buhu ya shige ƙarƙashi.

Sifirin irin wannan mota faifayen ƙarfe ne dogaye, falle kan falle, a ɗaure da ƙarfen da ke riƙe tayoyin baya. Su ke ɗaukar nauyi. Masu lodin hatsi kan je a ƙara musu falle don motar ta ɗauki abin da ya fi ƙarfinta.

"Saje, falle uku ne a kowane gefe."

"Nawa ya kamata?"

"Biyar. Ga gurbin biyun nan, an cike shi da tsofaffin notuna don kada ɗaurin ya yi sako-sako. Wanda ya yi wannan ya san mota. Babban fallen hagu kuma ya karye gida biyu."

Ya ƙara matsawa ciki, ya goge laka da yatsa.

"Kuma an yi musu fenti. Kore."

"Wa ke yi wa ƙarƙashin mota kwalliya, Yallaɓai?"

Sufeto ya jawo jiki daga ƙarƙashin motar. Da ya fito ya leƙa ta taga. An kwantar da kujerar tsakiya, an shimfiɗa tabarma, tabarmar ta yi baƙi da busasshen jini. A gefe ga ƙullin zannuwan jariri sababbi, ko kwance su ba a yi ba. Ya ga gawarwaki da yawa a aikin nan ba su hana shi cin abinci ba, amma ƙullin nan ya karya masa zuciya. Ya karɓi hularsa suka juya.

Da la'asar ya sa aka fito da Malam Audi daga bayan kanta, aka ba shi benci.

"Baba, wa ya yi wa sifirin fenti?"

"Ni ne, ranka ya daɗe, tun shekarun baya. Ragowar fentin masallaci ne. Don tsatsa."

"Yaushe rabonka da duba ƙarƙashin motar?"

"Kullum da safe nake dubawa. Kullum ta Allah."

"Jiya ma?"

"Jiya ma."

"Kuma falle biyar ka gani?"

Dattijon ya kalli ƙasa. "Biyar."

Sufeto ya gyara zama, makullin mashin ɗinsa ya zame daga cinyarsa ya faɗa ƙarƙashin benci.

"Taimaka min da makullin nan, Baba."

Malam Audi ya dafa benci ya fara sunkuyawa. Gwiwarsa ta yi ƙara, ya tsaya a rabi, gumi ya keto masa. Ya sake gwadawa. Daga ƙarshe ya koma ya zauna, idonsa ya ciko.

"Tun yaushe?" in ji Sufeto a hankali.

"Tun bara. Ko sallah a zaune nake yi in ba kowa." Ya share fuska da gefen riga. "In suka sani za su karɓe motar su ba yaro. Ni kuwa ita ce ta rage min. Ina wanke ta, ina duba mai da ruwa, amma ƙasa kam ban ƙara gani ba."

"A ina take kwana?"

"A rumfa bayan tasha. Wani lokacin sai ta yi wata ba ta motsa ba."

Ya ɗago hannunsa na dama ya dube shi, kamar ba nasa ba.

"Ranka ya daɗe, da gaske za su cire?"

"Wannan maganar alƙali ce, Baba, ba ta 'yan tasha ba."

"Yarinyar nan a gabana aka haife ta. Ina ji tana kiran sunan Allah a bayana, na kasa yi mata komai. In hannun ne zai biya, wallahi su ɗauka. Amma ban sata ba."

Sufeto ya sunkuya ya ɗauki makullinsa da kansa. Mutumin da ba ya iya taɓa ƙasa ba shi ne zai ɗaga mota a jak ya kwanta ƙarƙashinta ya kwance notuna ba. Sai dai wannan ba hujja ba ce da za ta tsayar da gari guda mai fushi. Da magariba dagacin ya aiko cewa 'yan'uwan mamaciyar za su zo ranar Juma'a su raka ƙarar kotu.

Duk direban da ke son ƙarin falle a wannan yanki, wurin Ya'u bakanike yake zuwa a Zango. Garejinsa gindin wata darbejiya ce, ƙasar wurin ta sha baƙin mai har ta ƙoshi. Washegari da safe suka same shi yana ƙarƙashin wata bas, ƙafafunsa kaɗai ake gani.

"Ni fa aikina tsaf yake, Yallaɓai," in ji shi tun kafin a tambaye shi komai. "Mai mota ya kawo fallensa, in ɗaure masa, ya tafi."

"Me ya sa suke ƙarawa?"

"Lodi mana. Motar buhu goma sai ta ɗauki sha takwas bayanta bai taɓa taya ba. In ba kaya kuma sai ka ga gindinta a sama tana tsalle."

"Wani daga wajen Kukar Maƙera ya zo maka kwanan nan?"

"Ko ɗaya."

"Ka taɓa ɗaura falle mai koren fenti?"

Ya'u ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Kore kuma? Sai ka ce ƙofar gida."

Saje Lawal, wanda ƙafarsa ba ta son tsayuwa, ya nemi benci ya zauna. Bencin ya yi girgiɗi, ya leƙa ya ga abin da aka tokare ƙafarsa da shi. Ya zaro ya miƙa wa Sufeto. Guntun ƙarfe ne mai faɗin yatsu huɗu, gefe ɗaya sabon yanka, bayansa kore shar.

"In falle ya fi tsawo kana rage bakinsa, ko?" in ji Sufeto.

Ya'u ya kalli ƙarfen ya kau da kai.

"Mace ta mutu a kan ƙarfen nan, Ya'u. Ko ka tuna a nan, ko ka tuna a ofis a matsayin mai karɓar kayan sata."

"Wallahi ban san na sata ba ne! Guda huɗu ya kawo a buhu, tun farkon damina. Ya ce a Mai'aduwa ya saya."

"Sunansa?"

"Ban riƙe ba. Direbobi suna da yawa. Dogo ne dai, matashi. Farar bas, ƙofar bayanta ba ta kulluwa, da shuɗiyar igiya yake ɗaure ta. Hatsi yake kaiwa ƙetare."

"Ya ce wani abu?"

"Ya ce kada in rage da yawa. Wai zai mayar da su inda suka fito."

Sufeto ya jefa guntun ƙarfen a aljihu. Ɓarawon da ke tunanin mayar da kaya ba baƙo ba ne, ɗan gida ne.

Suka wuce Kukar Maƙera kai tsaye. A ƙofar gidan rasuwar maza sun cika tabarmi. Sufeto ya yi sallama ya tsuguna, aka yi addu'a aka shafa. Aka nuna masa mijin, Sha'aban, yana jingine da bango, idanunsa sun faɗa, carbi a hannunsa amma ba ya ja.

"Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya."

"An ce kai ma direba ne. Ina motarka take ranar?"

"Tana Magarya, can ƙetare, da lodi. Abokin aikina ya tafi da ita, ni na zauna saboda watanta ya tsaya."

"Kai ma ka yi ƙarin falle?"

"Na yi. A can Magarya aka sa min, da daɗewa."

Wani daga cikin yayyen mamaciyar ya katse su da zafi, yana cewa tsohon banzan nan ya kashe musu ƙanwa, gobe sai kotu. Mutane suka ɗauka da hayaniya. Sha'aban ya runtse ido.

Sufeto ya nemi ganin mahaifiyarta. Iya Kubura ta fito zaure cikin hijabi, wata ta riƙo ta, ta zauna a bakin ƙofar ciki.

"Iya, ki yi haƙuri da tambaya a irin wannan rana. Ku nawa ne a motar?"

"Wa ya ƙirga, ɗana? Mun fi goma. Ni da ƙannena, da uwar mijinta, da ungozoma, da maƙwabta. Ikilima ce fa. Ita ke yi wa garin nan kitso. Ba macen da ba ta ɗora kai a cinyarta ba. Da aka ce za a kai ta Daura, kowa ta zari mayafi."

"Da kaya?"

"To a asibiti wa zai ba ka? Tabarmi, tukwane, garin tuwo, itace, jarkokin ruwa. Ba mu san kwana nawa za mu yi ba."

"Ba wanda ya ce kun yi yawa?"



"Mijinta. Yana tsaye a bakin ƙofar motar. Ya ce, Iya, ko wasu za su biyo a mashin? Na ce, Sha'aban, wa za ka sauke a cikinmu? Ni? Sai ya sunkuyar da kai. Yaro ne mai kunya, tun da ya auri 'yata bai taɓa haɗa ido da ni ba." Ta gyara hijabinta. "Ya biyo mu a mashin. Ina hango shi ta gilashin baya, ba ya ko kallon hanya. Ƙasan motar yake kallo, har muka isa kwalbatin nan."

Sufeto ya miƙe. Ya yi mata godiya ya fito, amma bai koma wurin tabarmi ba. Ya zagaya bayan gidan.

Motar tana nan a gindin wani itacen marke, an jingina mata zana ta gefen hanya. Farar bas, bayanta a ɗage sama, ƙofar baya a ɗaure da shuɗiyar igiya. Ya durƙusa. Falle bakwai a kowane gefe, duk an shafe su da baƙin mai. Ya kankare na ƙasa da bakin makulli, kore ya fito.

Ya daɗe a durƙushe. Sau da yawa in ya kama zaren magana daɗi yake ji, amma yau ji ya yi da ma bai leƙa ba.

"Daren jiya aka dawo da ita."

Ya waiwaya. Sha'aban ne tsaye a bayansa, shi kaɗai.

"Na ga ka zagayo," in ji shi. "Na san abin da ka zo gani."

Sufeto ya fito da guntun ƙarfen daga aljihu ya nuna masa. Sha'aban ya kalle shi, ya zame ya zauna a ƙasa, bayansa a jikin tayar.

"Aro na ɗauka, Yallaɓai. Haka na gaya wa kaina. Na sami mai ba ni lodin hatsi duk kasuwa, motata ba ta iya ɗauka. Ga waccan tana zaune a rumfa ba ta zuwa ko'ina. Na ce mara lafiya ɗaya take ɗauka, da mutum biyu ko uku. Falle uku ya ishe ta. Na ce in kaka ta yi in mayar, ba wanda zai sani."

"Kai kaɗai ka cire?"

"Ni kaɗai. Ranar kasuwar Baure, gari ba kowa."

"Da naƙuda ta tashi fa?"

"Na so in nemo wata motar. Babu. Sai na ce ai mu huɗu ne ko biyar, za ta kai mu." Ya kama kansa da hannu biyu. "Sai suka fara fitowa. Ina tsaye ina gani. Duk wadda ta taka, sai bayan motar ya ƙara sauka. Aka ɗora itace. Aka ɗora ruwa. Ni kaɗai na san abin da ke ƙarƙashinsu."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Iya ta ce wa zan sauke. In na ce motar ba za ta ɗauka ba, za ta ce ya aka yi na sani, tunda ta sha ɗaukar fiye da haka. Sai in ce ni na zare mata ƙarfe? A gaban surukata? A gaban uwata? Ikilima tana kwance tana jina?" Kuka ya ƙwace masa. "Na ce Allah zai kai mu kwalta. In muka hau kwalta shi ke nan. Kunya na ji, Yallaɓai. Kunya na ji, na bar ta ta tafi a kai."

Sufeto ya bar shi ya yi kukansa. Can ya ce, "Ka san Malam Audi yana bayan kanta."

"Na sani."

"Ka ga lokacin da suke dukansa?"

"Ina wurin." Ya share fuska. "Nan ma na yi shiru. Tun shekaranjiya nake cewa yanzu zan tashi in faɗa, sai in ga yayyenta, sai ƙafata ta ƙi. Da gobe ta yi an kai shi kotu, ban san ko zan iya ba. Gara da ka zo."

Ya miƙo hannayensa biyu. Saje Lawal, da ya iso tun ɗazu ya tsaya daga nesa, ya taɓa ankwar da ke ƙugunsa, Sufeto ya girgiza masa kai. Suka bi da shi ta cikin gero, ta hanyar da ba ta bi ta gaban tabarmin makoki ba. Dagaci kaɗai aka aika wa, aka ce ya bari sai sun yi nisa kafin ya gaya wa mutane.

Ana kiran sallar la'asar suka isa ofis. Sufeto ya sa aka buɗe wa Malam Audi, ya gaya masa komai a tsaye a gaban kanta, bai rage ba.

"Ka tafi gida, Baba. Ba wanda zai taɓa hannunka."

Dattijon bai yi murna ba. Ya juya a hankali ya dubi Sha'aban, wanda ke tsaye a bakin ƙofa kansa a ƙasa. Ya taka da ƙyar har gabansa.

"Ɗan nan."

"Baba, ka yafe min dukan da..."

"Bar zancen duka." Tsohon ya katse shi. "Kana tsaye a bakin ƙofa, ni ina kan sitiyari. Taku nawa ne tsakaninmu? Da ka zagayo ta taga ka raɗa min. Ba sai ka faɗi dalili ba, ka ce kawai, Baba, rage mutane. Da na kashe mota na ce ba inda za ni sai sun sauka. Su zage ni su gaji, da mun isa Daura." Ya share hawaye da bayan hannu. "Ni ai ba surukata ba ce."

Sha'aban ya ɗago kai. A fuskarsa Sufeto ya ga cewa wannan hanyar ba ta taɓa faɗo masa a rai ba sai yanzu, kuma ba za ta ƙara barinsa ba.

Sha'aban ya sulale zai faɗi. Saje Lawal ya tare shi kafin ya kai ƙasa, ya riƙe shi a kafaɗa, ya shige da shi bayan kanta.